Yadda ake yanke shawarar sake zaman jarrabawar SAT ko barin makin farko

Ɗalibin da ya zauna SAT, jarrabawar neman shiga jami'o'in Amurka, daga Maradi ya san abin da zama guda yake ci. Kuɗin rajista kaɗai sun haura dala 100, dalar Amurka fa, ba tamu ta kasuwa ba, wato sama da jika 50 na sefa. Ga kuɗin mota idan cibiyar tana Yamai, tafiyar fiye da kilomita 600, ga masauki da abinci. Saboda haka ba a komawa don kawai rai bai gamsu da sakamako ba. Sai an yi lissafi.

Fara da duba ko makarantar da kake nema tana son makin ma. Jami'ar MIT ta maido da sharaɗin jarrabawar a 2022, Dartmouth da Brown da Harvard suka bi sahu a 2024. Jami'ar Kalifoniya kuwa ba ta kallon SAT ko takwararta ACT sam, ko ka aika. Wasu sun bar wa ɗalibi zaɓi. A nan ne kuma ya kamata ka bincika batun biza, domin a 2025 dokokin shiga Amurka sun tsananta ga 'yan Nijar. Kada ka zuba kuɗi a jarrabawa alhali ƙofar da za ka bi a rufe take.

Sai ka nemo makin waɗanda makarantar ta ɗauka bara. Yawancin jami'o'in Amurka suna fitar da wata takarda mai suna Common Data Set, kuma a cikinta akwai maki biyu da rabin ɗaliban da suka shiga suka faɗa tsakaninsu. Idan makinka ya kai na saman, ka gama, ka koma kan rubutun gabatar da kai da takardun shaidar malamai. Idan yana ƙasa da na ƙasan da kamar maki 40 zuwa 100, sake zama yana da ma'ana. Amma mai 1150 cikin 1600 da ke hangen jami'ar da mafi yawan ɗalibanta suka haura 1500, ba zama na biyu ne maganinsa ba, jerin makarantunsa ne ke buƙatar gyara.

Yanzu ka raba makin gida biyu, domin nan ainihin shawarar take. SAT ɓangare biyu ce, kowane daga 200 zuwa 800: karatu da rubutu tambaya 54 cikin minti 64, lissafi tambaya 44 cikin minti 70. Wanda ya yi ajin kimiyya a lise sau da yawa lissafi ba ya ba shi wahala, Ingilishi ne ke kayar da shi, tunda da Faransanci ya yi karatunsa duka. To, jami'o'i da dama suna tsinto mafi kyawun makin kowane ɓangare daga zama daban-daban su haɗa. A ce ka samu 720 a lissafi da 560 a karatu, jimla 1280. Ka koma ka samu 690 da 640, jimla 1330. Makarantar da ke tsintar maki za ta lissafa maka 720 da 640, wato 1360. A irin wannan tsari faɗuwar lissafi a zama na biyu ba ta cutar da kai, don haka kana iya ba Ingilishi duk lokacinka. Sai dai ka karanta dokar kowace makaranta, domin jami'ar Georgetown, alal misali, tana neman a aiko mata sakamakon kowane zama.

Kafin ka biya, gwada kanka. A manhajar Bluebook ta College Board, hukumar da ke shirya SAT, akwai cikakkun jarrabawoyin gwaji kyauta, irin ta gaske. Ka yi shiri na mako shida zuwa takwas, da darussan shafin intanet na Khan Academy idan kana so, sannan ka zauna gwaji biyu ko uku da agogo, awa 2 da minti 14, ba waya, ba tashi sai a hutun minti 10. Idan gwajin bai wuce tsohon makinka da aƙalla 50 ba, riƙe kuɗinka. Bambancin maki 10 ko 20 yana iya zuwa daga barci ko gajiyar hanya, ba daga ilimi ba.

Ka kuma tantance irin kuskurenka. Kowane ɓangare rabi biyu ne, kuma yadda ka yi a rabin farko shi ke sa a ba ka rabin biyu mai wuya ko mai sauƙi. Wanda aka jefa wa mai sauƙin, makinsa yana da rufin da ba zai wuce ba ko da ya ci duka. Garaje a tambayoyin farko, rashin sanin ƙa'idar waƙafi, rashin sabo da na'urar lissafi ta Desmos da ke cikin manhajar, duk waɗannan ana gyara su cikin makonni. Ƙarancin kalmomin Ingilishi kuwa watanni yake ci, sai da karatu kullum.

Duba kalanda. Sakamako yana fitowa bayan kamar mako biyu. Neman gurbi na wuri yakan rufe 1 ga Nuwamba, na gama-gari a farkon Janairu, don haka zaman Oktoba ne na ƙarshe ga na wuri, na Disamba kuma ga na gama-gari. Zaman Mayu da Yuni yana karo da shirin bak, kuma ɗan tarminal da ya raunana bak ɗinsa don maki 30 na SAT ya yi asara, domin sakamakon lise ya fi nauyi a takardunsa.

Idan kuɗin zama guda ne kacal a hannu, auna shi da jarrabawar harshen Ingilishi. TOEFL da IELTS da ta Duolingo duk shekara biyu suke aiki, kuma jami'o'i da yawa suna da mafi ƙarancin makin da ba sa sauka daga kansa. Wanda bai kai wannan ba, can zai kai kuɗinsa tukuna. Ta Duolingo a gida ake yin ta da kwamfuta mai kyamara, amma ka tabbatar da intanet da cajin batir, domin yankewa a tsakiya na iya ɓata zaman. SAT kuma zama biyu, ko uku idan ta kama, ya isa.