Yadda zaka koyar da ɗan Koriya Turanci har ya buɗe baki yayi magana

In ka samu aikin koyar da Turanci, a aji ne ko ta intanet, kuma ɗalibanka 'yan Koriya ta Kudu ne, abun da zai fara ɗaure maka kai shine shirunsu. Kayi tambaya kowa ya sunkuyar da kai, kai kuma ka ɗauka basu gane ba. Wallahi sun gane, wani ma ya fika haddace ƙa'idojin nahawu. Toh ga yadda ake bi dasu.

Da farko dai ka binciko me ya kawo shi wajenka, kar ka fara darasi baka san wannan ba. Tun 1997 yaransu suke fara Turanci daga aji uku na firamare, amma kusan duk wahalar don jarabawa ɗaya ake yinta, wato Suneung ta shiga jami'a da ake yi a watan Nuwamba, wadda saboda girmanta har jirage ake hanawa tashi da sauka lokacin da ɗalibai ke ɓangaren sauraro. Takardar Turancin tambaya 45 ce a minti 70, guda 17 na sauraro, sauran duk karatu, babu inda ake cewa yaro yayi magana. Kaga kenan mutum zai shekara goma yana karatu bakinsa bai taɓa motsawa ba. Wanda ya gama jami'a kuma yawanci makin jarabawar Turanci ta TOEIC yake nema saboda aiki, mafi girman makin 990 ne, wani kuma jarabawar OPIc yake shiryawa, ita wannan ta magana ce. Mai neman maki daban, mai son yayi hira da baƙi a ofis daban, yaron da mamansa ce ta turo shi dole shi kuma daban, kowa da irin tuwon da zaka tuƙa masa.

Na biyu, ka tambaye shi ƙarfe nawa yake kwanciya. Ba wasa nake ba. Yara da yawa in sun tashi daga makaranta hagwon suke wucewa, makarantun lesin na kuɗi irin waɗanda suka cika unguwar Daechi-dong a Seoul, sai da hukumar Seoul ta sa dokar a rufe su ƙarfe 10 na dare. Yaron da ya zo maka a gajiye kar ka jibga masa aikin gida, jimla biyar ta ishe shi.

Sai babbar maganar, kunya. Suna da kalma chemyeon, mutuncin mutum a idon jama'a, yin kuskure a gaban mutane kuwa zubar da shi ne. Ga kuma girmama na gaba, shi yasa da an haɗu ake tambayar shekaru, kuma ƙarami ba zai so ya nuna ya fi babba iyawa ba, mu ma dai mun san wannan a gida. Don haka kar ka jefa tambaya wa aji gaba ɗaya kace wa zai amsa, ba wanda zai ɗaga hannu. Ka basu minti biyu kowa ya rubuta amsarsa, su faɗa wa juna bibbiyu, sannan ka kira suna. In yana magana yayi kuskure ka ƙyale shi ya kai aya, ka rubuta a gefe, a ƙarshen darasi ka gyara ba tare da ka ce wane ne yayi ba. In ka katse shi sau biyu shikenan ka rasa shi na sati guda. Kuma kar ka haɗa ma'aikaci da ogansa kace suyi muhawara, zaka sha kallon murmushi kawai.

Furuci kuwa nan Bahaushe ya kamata yafi kowa tausaya musu. Harshensu babu F, sai su maida ita P, coffee ma keopi suke ce masa, mu da muke cakuɗa P da F ai bamu da bakin dariya. Suna kuma cusa wasali tsakanin baƙaƙe kamar yadda muka samu burodi da sukudireba. Ka ɗauki sauti ɗaya a sati, ka nuna masa haƙoran sama a kan leɓen ƙasa, ya duba a kyamarar wayarsa. Aikatau a yarensu a ƙarshen jimla yake zuwa, saboda haka in ya ɗan yi jim kafin ya amsa juya jimlar yake a kansa, ka ƙirga biyar a zuci kafin ka tsoma baki.

Na ƙarshe, tunda sun saba da maki, ka basu abun aunawa. Ranar farko ya naɗi muryarsa na minti ɗaya yana maka bayanin abun da shi ya sani kai baka sani ba, yadda ake haɗa kimchi, abincinsu na kabeji mai yaji, ko yadda suke bikin girbi na Chuseok a gidansu, kai ka zama ɗalibin kana ta tambaya. Bayan wata ɗaya ya sake naɗar wannan bayanin, ku kunna biyun a jere, ku ƙirga sau nawa ya tsaya a na farko, sau nawa a na biyu.