Idan aikinka ya fara gundurarka, ga yadda za ka farfaɗo da shi

Akwai lokacin da yake zuwa wa ma'aikaci, aikin da a da yake rawar jiki a kansa sai ya koma masa nauyi, ka tashi ka shirya ka tafi, ka maimaita abin da ka yi jiya ka dawo, shekaru na tafiya kana nan inda kake, waɗanda suka shigo bayanka ma har sun fara wuce ka. A nan yawanci abu biyu mutane suke yi, ko su fara shirin ajiye aikin, ko su shiga tara satifiket ba ji ba gani. Ni dai a ganina duka biyun akwai gaggawa a ciki.

Ka fara gano me ke damunka tukuna, gajiya ce ko tsayawa wuri ɗaya? Ba ɗaya ba ne fa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi bayanin wannan matsananciyar gajiyar da aiki ke jawowa, ta ce alamominta uku ne, ƙarfinka ya ƙare, zuciyarka ta fita daga aikin, sannan ƙwazonka ya ragu. In haka kake ji toh ba kwas kake buƙata yanzu ba, hutu ne da barci da rage kaya, ka ɗauki hutunka na shekara ka huta da gaske. Amma in lafiyarka ƙalau kawai dai ba ka koyon komai sabo, wannan ita ce wadda za mu gyara.

Nemo tallan aiki kamar guda goma na matsayin da kake so ka kai nan da shekara biyu, a LinkedIn, shafin neman aiki na intanet, ko duk inda ake sawa a fanninku, ka karanta su da biro a hannu. Duk ƙwarewar da ka ga tana maimaituwa kuma ba ka da ita, ja mata layi. Za ka ga ba su da yawa, uku ne ko huɗu. Ɗauki ɗaya. Ɗaya tal. Rahoton Dandalin Tattalin Arzikin Duniya na 2025 ya yi hasashen kusan kashi 39 cikin 100 na ƙwarewar da ma'aikata ke amfani da ita za ta canza ko ta tsufa kafin 2030, kuma tun fitowar ChatGPT, manhajar nan mai amsa tambaya da yin rubutu kamar mutum, a ƙarshen 2022 kowa ya ga yadda abubuwa ke gudu, amma wannan ba dalili ba ne na ka rikice ka yi rajistar kwas bakwai a dare ɗaya ka kasa gama ko guda.

Wurin koyo kam ba shi ne matsala ba. Shafukan koyon kwas a intanet irin su Coursera da edX suna nan tun 2012, jami'ar MIT ta Amurka ta fi shekara 20 tana sakin darussanta kyauta a intanet. Rabin awa kullum ta fi awa biyar ranar hutu, saboda tun 1885 masanin halayyar ɗan Adam Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa abin da mutum ya koya yana zubewa da sauri in bai waiwaye shi ba.

Shi ya sa nake cewa, kuma nan ne gaskiya asalin maganar take, abin da ka koya a wannan satin ka yi aiki da shi a wannan satin, a teburinka. A ce ke ce mai haɗa rahoton ƙarshen wata, kina kwana biyu kina kwafe lambobi daga wannan fayil zuwa wancan, ido ya yi ja, a ƙarshe ma lissafin ya ƙi daidaita. Kin koyi yadda Excel zai tattara miki su da kansa, toh kar ki jira sai kin gama kwas, rahoton wannan watan ki gwada a kansa, ki ajiye tsohuwar hanyar a gefe ki kwatanta sakamako. Ranar da aikin kwana biyu ya koma na awa ɗaya, ba sai kin nuna wa kowa satifiket ba, ofis ɗin gaba ɗaya zai sani.

Daga nan sai ka je wurin oga, amma kar ka je da ƙorafi, je da tayi. "Ranka ya daɗe, ina so a bar min wannan ɓangaren na wata uku in gwada, in bai yi ba sai in mayar." Da wuya shugaba ya ƙi irin wannan, tunda ba abin da zai rasa. Masu bincike Amy Wrzesniewski da Jane Dutton sun yi rubutu a kan haka a 2001, har suka kawo misalin masu shara a asibiti waɗanda suka faɗaɗa aikinsu da kansu, suna kula da marasa lafiya da 'yan uwansu, kuma sun fi sauran jin daɗin aikin.

Mutane kuma kar ka raina su, musamman na nesa. Masanin zamantakewa Mark Granovetter a binciken da ya fitar a 1973 ya gano labarin sabon aiki ya fi zuwa ta hannun wanda ka sani sama-sama, don abokanka na kusa abin da ka sani shi suka sani. Tura wa tsohon abokin karatu saƙo, gaisa da wanda kuka taɓa aiki tare. In kuma za ka nemi shawarar wani babba a fanninku, dan Allah kar ka ce masa "ka taimaka min da shawara" kawai, yi masa tambaya guda takamaimai wadda zai iya amsawa cikin minti goma.

Duk ƙarshen sati ka rubuta a littafi abin da ka gama da abin da ya canza saboda kai, da lambobi in akwai, don ranar neman ƙarin girma ba za ka tuna su ba. Bayan wata shida ka buɗe littafin. In ka ga ka ƙaru amma wurin ya ƙi ba ka fili, toh yanzu ne lokacin fara neman wani, kuma kar ka ajiye na hannunka sai sabon ya tabbata a rubuce.