Yadda Ake Gane Ko Dattijo Na Cikin Haɗarin Faɗuwa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na hallaka mutum 684,000 duk shekara, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne abin ya fi shafa. Ana iya gano haɗarin a gida, da kujera da agogon waya kawai.

A fara da tambaya cikin ladabi: "Baba, ko kun taɓa faɗuwa a shekarar nan? Kuna jin jiri idan kun miƙe?" Dattawa da yawa kan ɓoye faɗuwa don gudun kada 'ya'ya su hana su zuwa masallaci ko kasuwa, saboda haka yana da kyau a tambayi jikoki da matan gida a gefe, domin su ne ke gani.

Daga nan a zaunar da shi a kan kujera mai hannu, a ja layi da gawayi a nisan mita 3, a ce ya tashi, ya je layin da tafiyarsa ta kullum, ya juyo ya zauna. Idan abin ya kai daƙiƙa 12 ko fiye, akwai haɗari. Amma kada agogo ya ɗauke hankalin mai gwajin, domin jan ƙafa, da gajeren taku, da neman bango wajen juyawa su ma alamun haɗari ne. Wajibi ne wani mai ƙarfi ya tsaya kusa da shi.

Sai gwajin tsayuwa: ya sa diddigen ƙafa ɗaya a gaban yatsun ɗayar, ya tsaya daƙiƙa 10 ba tare da dafa komai ba. Tunda yawancin iyayenmu a tabarma suke zama, a lura kuma da yadda yake miƙewa daga sujada.

Mai na'urar awon hawan jini ya auna shi yana kwance, sannan bayan ya miƙe. Idan lambar sama ta ragu da 20 ko fiye, a sanar da likita, a kuma nuna masa dukkan magungunan, musamman na hawan jini da na barci.

A duba santsin wurin alwala, da dokin ƙofa, da silifas da suka saki, da hasken hanyar bayan gida lokacin asuba. Wanda ya kasa gwaji ko da ɗaya ne, ko yake da yanar ido, a kai shi asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, domin likitocin gashin ƙashi su tsara masa motsa jiki da sandar da ta dace da tsayinsa.