Kurakuran da masu koyon hasashen yaɗuwar cuta ke ta maimaitawa

Na gaji da ganin sababbin shiga suna faɗawa ramin da na taɓa faɗawa.

Mafi muni shi ne ka gwada samfurin hasashenka, wato tsarin lissafin da ke koyo daga alƙaluman baya don ya yi hasashe, da bayanan da ya riga ya leƙa. Ni ma na yi. Na tara alƙaluman masu ƙyanda na shekaru da dama, na cakuɗa makonnin, na tsamo wasu don gwaji. Layin hasashe ya kwanta a kan layin ainihi kamar an liƙa su. Na kai wa malamina ina murna, ya duba, ya ce: "Makon da kake hasashe, samfurin bai ga na gabansa da na bayansa ba?" Ya gani mana. Aikin wata huɗu ya bi ruwa. Cuta da lokaci take tafiya, don haka ka horar da samfuri da shekarun baya, ka gwada shi da shekarar da ta biyo. Ni yanzu shekarar ƙarshe ina kulle ta a fayil dabam, ba na buɗewa sai na gama komai.

Na biyu, miƙa wa masu tsara manufa lamba ɗaya tsirara. A 2014 hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce masu Ebola a Laberiya da Saliyo za su iya kai miliyan 1.4 zuwa Janairun 2015 idan ba a ƙara ɗaukar mataki ba. Waɗanda aka ƙirga a ƙarshe a Afirka ta Yamma wajen 28,600 ne. Mutane suka riƙe lambar, suka yar da "idan". Kai kuma da ka san haka, sai ka ɓoye sharaɗinka a shafi na 30? Haba! Wane minista zai kai can? Lamba, sharaɗinta, mafi ƙanƙanta da mafi yawa, duka a jimla ɗaya nake sa su.

Kada ka yi taƙama da cewa samfurinka ya dace da gaskiya kashi 99 cikin 100. Idan mutum 1 cikin 100 ke da cutar, samfurin da ya ce kowa lafiya lau shi ma 99 zai ci.

Waɗanda aka rubuta a asibiti ba su ne duk masu cutar ba. Raguwar alƙaluma a ƙarshen mako kuma sau da yawa jinkirin rahoto ne.

Yawan bayanai ma ba ya hana kuskure. Google Flu Trends, tsarin da ke hasashen mura daga abin da mutane ke bincika a Google, ya yi hasashen kusan ninki biyu na ainihin masu mura a Amurka a hunturun 2012 zuwa 2013, aka rufe shi a 2015.