Yadda za ka yi lissafi kafin ka sayi tsohuwar 504

Peugeot 504 da ke gidana ta mahaifina ce, Allah Ya jiƙansa, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975. Corolla kuma da ita nake kai yara makaranta. Aljihu ɗaya ke ciyar da su, shi ya sa masu sha'awar tsohuwar mota ke yawan tambayata nawa riƙe 504 ke ci idan aka kwatanta da motar zamani.

Kada ka fara da kuɗin saye, domin arharta ce ke jan mutum. Fara da mai. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, nan ne kuɗi ke tafiya. Cika tanki fal, ka yi tafiyar da ka san tsawonta, kamar Kaduna zuwa Zariya da dawowa, kusan kilomita 160, sannan ka sake cikawa ka rubuta litar da ta sha. Na ce wadda ka sani ne saboda agogon kilomita na yawancin tsofaffin nan ya daɗe da tsayawa. Ka gwada motar zamani, irin Corolla, a hanya guda. Mota mai kafireto (na'urar da ke haɗa mai da iska) irin 504 ta fi sha, balle a cunkoson cikin gari.

Sai bakanike, kuma nan na fi so ka natsu. Kafin ka biya ko kobo, ka nemo wanda zai riƙa duba ta. Masu saita kafireto da kunne sun manyanta, yaran gareji na yanzu kuwa na'ura suka saba jonawa. Kayan inji da na birki ba sa wuya a kasuwar Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano, amma fitilar baya ta asali ko robar gilashi, sai ka yi makonni kana cigiya. Duk ranar da motar ta kwana a gareji, kuɗin Keke Napep da ka biya nata ne, ka rubuta shi a shafin lissafinta. Ni sai da na fara haka na ga ainihin abin da take ci.

Ka ɗaga shimfiɗar ƙasa, ka leƙa ƙasan ƙofofi da cikin but. Ka tafi da ɗan maganaɗisu, ba ya kama inda aka cike tsatsa aka fesa fenti. Gyaran jiki ya fi na inji cin kuɗi.

Takardu ba su da bambanci sosai, ƙaramar inshora naira 15,000 ce ga kowacce. Inda 504 ke ramawa shi ne ba ta da kwamfutar da za ta ƙone, kuma hanyar ƙauyenmu da damina ba ta tayar mata da hankali.

Da na haɗa shafukan shekara guda, sai na bar wa Corolla zirga-zirgar kullum. Ta Baba kuma ranar Juma'a nake fito da ita, sai zuwa ƙauye da Sallah, kuma duk wata ina ware mata kuɗinta daban ko ba ta nemi gyara ba.