Babi na Bakwai: Gane Kuskuren Bugu a Jikin Kwandalar Azurfa

Darasi na 1: Shirin zama

Ku wanke hannu, ku tsane shi sarai. Ku shimfiɗa ƙyalle mai laushi a kan tebur, don ko kwandala ta kuɓuce muku ba za ta lotse ba. Ku tanadi fitila guda ɗaya, da gilashin ƙara girma wanda aka rubuta 10x a jikinsa, wato yana ninka girman abu sau goma. Sai ƙaramin sikeli mai nuna lamba biyu bayan ɗigo, kamar 6.25. Wannan ɗigon yana raba cikakken giram da ɓurɓushinsa. 6.25 na nufin giram shida da kwata.

Kwandala tana da gaba, tana da baya, tana da gefe. Ta gefe ake riƙe ta, da babban yatsa da manuniya. Maiƙon yatsa yana barin tabo a fuskar azurfa.

Darasi na 2: Yadda ake buga ta

A gidan buga kuɗi, ana yanko faifan azurfa wanda babu zane a kansa. A sa shi cikin zoben ƙarfe, sannan hatimai biyu, na sama da na ƙasa, su matse shi da ƙarfin gaske. Zoben ne ke fitar da haƙoran nan na gefe. Duk abin da ya ɓaci a faifai, ko a hatimi, ko a lokacin bugun, shi ake kira kuskuren bugu, kuma shi masu tara kwandala ke nema. Abin da ya same ta bayan ta bar gidan, rauni ne kawai, rage mata daraja yake yi.

Yanzu ku danna tafin hannunku a kan laka, ku ɗaga. Layukan tafinku a lotse suke, amma a jikin lakar sun fito a tashe. Haka hatimi yake. Abin da ya lotsa a hatimi, shi ke tasowa a kwandala.

Darasi na 3: Tudu ne ko rami?

Nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe, don haka kada ku yi sauri. Ba laifi ba ne a maimaita shi sau goma.

Idan hatimi ya tsage, azurfa takan kutsa cikin tsagar lokacin bugu, sai siririn layi ya fito a tashe a kan kwandala, yana kwana-kwana kamar jijiya. Wannan kuskuren bugu ne. Idan kuwa wuƙa ko ƙusa ta karce ta, layin rami ne, ya nutse ciki. Wannan rauni ne. Tsagar hatimi tudu ce, karce rami ne. Ku faɗa da bakinku: tudu ne ko rami?

Ga yadda za ku gani. Ku kashe sauran fitilu. Ku ajiye taku ta hagu, ƙasa-ƙasa, haskenta ya shafi fuskar kwandala a kwance. Ku kawo gilashi kusa da idonku, sannan ku matso da kwandala har zane ya fito tas. Idan layin tudu ne, ɓangarensa na hagu zai haska, inuwa ta faɗa dama. Idan rami ne, inuwa za ta kwanta a cikinsa ta hagu, bangon dama ya haska. Ku mai da fitila dama, ku sake dubawa. Inuwar za ta sauya wuri. Idan ba ku gane ba, ku huta, ku sake. Ido yana sabawa.

Ku ƙara duba launi. Tsagar hatimi launinta ɗaya da sauran jikin kwandala. Sabon karce yana ƙyalli, kuma za ku ga ɗan ƙarfen da aka ture ya taru a bakinsa. Wannan tarin kan yaudari mutum ya ce tudu ne. Ku duba kusa da shi, za ku tarar da ramin da ya fito daga ciki.

Akwai rami ɗaya da ba rauni ba. Idan zare ko maiƙon inji ya shiga tsakanin hatimi da faifai, yakan bar lotsawa mai santsi, babu ƙarfen da aka ture a bakinta. Duk da haka tambayar farko ba ta canja ba: tudu ne ko rami?

Haba jama'a, ban da sa farce don a ji tudun! Ban da allura. Kuma ban da wanki. An sha faɗa, amma kullum sai an sami wanda ya goge kwandala da toka ko man goge baki wai don ta yi kyau. Duhun nan na jikin tsohuwar azurfa ba datti ba ne. Wanda ya goge shi ya zana mata ɗaruruwan karce da hannunsa, kuma babu mai iya mayar da ita yadda take.

Darasi na 4: Rubutu biyu-biyu

Wani lokaci harafi kan fito kamar yana da ɗan'uwa a gefensa. Idan a hatimin aka yi zanen sau biyu, duka biyun a tashe suke, masu kumburi, ƙarshen harafin a rabe. Wannan ne mai daraja. Idan inji ne ya girgiza, na biyun a baje yake kamar matakala, harafin ma ya sirance. Wannan ba ya ƙara kuɗi.

Ku duba shekara da harafin gidan bugu, wato ƙaramin harafin da ke nuna gidan da aka buga kwandalar. A wasu kwandalolin santi 10 na Amurka na 1942, ana ganin 1 a ƙarƙashin 2. A wasu dalolin Morgan na 1900, wato tsofaffin dalolin azurfa na Amurka, ana ganin burbushin CC, haruffan wani gidan bugun, a ƙarƙashin O, a baya, can ƙasa.

Darasi na 5: Awo

Kwandalar santi 25 ta Amurka ta 1874 zuwa 1964, kashi 90 cikin 100 azurfa ce, nauyinta giram 6.25. Daga 1965 aka daina sa mata azurfa, ta koma 5.67, da jan layin tagulla a gefenta. Idan ta 1965 ta auna 6.25 kuma babu jan layi, mai yiwuwa a tsohon faifai aka buga ta. Ku kai wa ƙwararre. Dalar Morgan giram 26.73 ce. Azurfa ba ta kama maganaɗisu, don haka wadda ta kama ba azurfa ba ce.

Darasi na 6: Gutsure da kauce

Faifai kan fito a gutsure kamar jinjirin wata. Ku duba bakin da ke daura da gutsuren. Idan kuskuren bugu ne na gaske, yawanci bakin bai fito sosai ba. Idan zane ya kauce gefe ya bar fili, bugu ne ya kauce. Wadda aka buga babu zobe takan yi faɗi, babu haƙora.

Darasi na 7: Juyi

Ku riƙe kwandalar Amurka kai a sama, ku kifa ta daga sama zuwa ƙasa. Bayan ya kamata ya tsaya daidai. Idan ya karkace, hatimi ne ya juya. Ku gwada da kwandala biyar, ku rubuta abin da kuka gani.