Darasi na 9: Lambobin da Ke Jikin Lasifika, Waya da Jak

Duk abin da aka ƙera don ya ɗauki kaya, ko kayan wutar lantarki ne ko nauyin ƙarfe, maƙerinsa ya rubuta iyakarsa a jikinsa. Rubutun ƙanana ne, yawanci a baya ko a gindi, inda ƙura ke taruwa. Mai kanti ba lallai ne ya karanta maka ba, shi ciniki ne a gabansa. Yau za mu koyi karanta wannan rubutu da kanmu a jikin abubuwa uku da ake saye kullum a kasuwannin Garwa, Marwa da Ngaundere: lasifika, wayar da ke kai mata sauti, da jak na ɗaga mota.

Malami zai rubuta waɗannan alamomi a allo, kowa ya kwafa cikin littafinsa: V, W, Ω, mm², T, kg.

Kafin mu shiga, ga abu ɗaya da ke rikita mutane a nan Kamaru. Kayan da aka yi wa rubutu da Faransanci suna sa waƙafi a tsakiyar lamba, kamar 2,5. Waɗanda suka shigo ta Najeriya suna sa ɗigo, kamar 2.5. Duka biyun abu ɗaya suke nufi: biyu da rabi. Kada ka karanta shi ashirin da biyar.

Lasifika da amfilifaya

Amfilifaya ita ce na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi ta tura shi lasifika. Fara da V, wato volt, ƙarfin wutar da na'ura ke karɓa. Wutar gida a Kamaru da Chadi 220 ce. Tsofaffin amfilifayoyin da ake kawowa daga Amurka da yawansu an yi su ne don wuta 110 ko 120. Ka juya bayan na'ura ka duba kusa da inda wayar wuta ta shiga. In ka ga 110V ko 120V kaɗai, kada ka jona ta a soket sai da taransifoma mai rage wuta, in ba haka ba hayaƙi za ka gani. Wasu suna da ɗan maɓalli mai lamba biyu, 110 da 220. A tura shi zuwa 220 tun ba a jona ba.

Sai W, wato wat. A nan ne aka fi yaudarar mai saye. Za ka ga kwali an rubuta 5000W da manyan jajayen baƙaƙe, a gefe kuma an sa PMPO. Wannan lambar talla ce, ba ta da wani ma'auni da kowa ya yarda da shi. Wadda za ka nema ita ce mai haruffan RMS a kusa da ita, don ita ke nuna ƙarfin da na'ura za ta iya bayarwa tana ci gaba da aiki. Sau da yawa za ka same ta ƙarama ƙwarai, kuma ba abin kunya ba ne. Wat 20 ko 30 na gaskiya sun ishi falo, har maƙwabta su zo roƙon a rage. Ka kuma sani cewa ninka wat sau biyu ba ya ninka ƙara sau biyu a kunne, ɗan ƙari kaɗan za ka ji. Sai an ninka ƙarfi wajen sau goma kafin kunne ya ce ƙara ta ninku.

Alama ta uku, Ω, ita ce mutane ba sa dubawa, ita ce kuma ke kashe amfilifaya. Ana kiranta om, daga sunan Georg Ohm, Bajamushen da ya bayyana ƙa'idarta a 1827. A bayan lasifika za ka ga 4Ω ko 6Ω ko 8Ω, wasu ƙahonin masallaci 16Ω. Lambar tana nuna yadda lasifika ke tare wuta. Ka ɗauke ta kamar ƙofar garke: in lambar babba ce, ƙofa matsattsa ce, shanu na fita ɗai-ɗai, in ƙarama ce, ƙofa ta buɗe, suna fita tururu. Ƙaramar lamba tana jan wuta da yawa daga amfilifaya, sai ya yi zafi.

A bayan amfilifaya, wurin da ake ɗaura wayar lasifika, an rubuta abin da zai iya, misali 4–16Ω. Ma'ana, kada a sauko ƙasa da 4.

Ga inda ake faɗawa rami. Mutum yana da lasifika biyu, kowace 8Ω. Ya haɗa jajayen wayoyinsu wuri ɗaya, baƙaƙen wuri ɗaya, ya ɗaura a baki guda. Yana zaton 8 da 8 sun zama 16. A'a, a irin wannan haɗi rabewa suke yi, sun koma 4. In ya ƙara biyu suka zama huɗu, an sauko 2. Ranar biki, an ƙure murya, ga zafin watan Afrilu da ke wuce digiri 40 a Garwa da Kusiri, kafin la'asar amfilifaya ya yi shiru, ana jin warin ƙuna. Akwai wani haɗin da ke ƙara lambar: ka ɗauki baƙin bakin lasifika ta farko ka haɗa da jan bakin ta biyu, sannan bakuna biyun da suka rage su tafi amfilifaya. A nan ne 8 da 8 ke zama 16. Ƙara za ta ɗan ragu, amma na'ura ta huta.

In murya ta fara gargada, ganga na fita kamar ana yaga takarda, amfilifaya ya kai iyakarsa. A rage. Wannan gurɓataccen sauti shi ke ƙona ƙaramar lasifikar nan ta sama mai fitar da siririyar murya. Kada kuma a lulluɓe na'ura da zane tana aiki wai don ƙurar hunturu. A rufe bayan an kashe ta huce.

Waya

Wayar lasifika tana da jijiya biyu. Ɗaya ja ce, ko mai zane a jiki, ita ce +. Ɗayar ita ce −. Ja ta tafi ja, baƙa ta tafi baƙa, a ɓangaren na'ura da na lasifika. In aka juya ta lasifika ɗaya, babu abin da zai ƙone, sai dai kaurin sauti ya ɓace, domin yayin da fatar wannan ke turowa waje, ta waccan tana komawa ciki. In alama ta goge, ga dabara: ɗauki ƙaramin batir na tocila mai 1,5V, ka taɓa wayoyin biyu a kawunansa na ɗan lokaci kana kallon fatar babbar lasifika. In ta turo waje, wayar da ke kan + na batir ita ce ja. Ka ƙulla mata zare.

Kaurin waya an buga shi a jikin robarta, yana maimaituwa. Za ka ga 2 x 1,5 mm² ko 2 x 2,5 mm². Lambar farko yawan jijiya ce, ta biyu kaurin ƙarfen ciki, mm² kuwa ana karanta shi milimita sukwaya. Ga lasifika 8Ω a cikin ɗaki, in nisa bai wuce mita 10 ba, 1,5 ta isa. In ya wuce haka, ko lasifikar 4Ω ce, a nemi 2,5.

Kaurin roba ba kaurin waya ba ne. Ka ce a yanka maka ɗan guntu ka ga ciki. Akwai wadda ake sayarwa da araha, jikinta ja kamar jan ƙarfe, alhali alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama. Wani lokaci an rubuta CCA a jiki, wani lokaci babu komai. Kankare jijiya ɗaya da reza. In fari ya bayyana, alminiyam ne. Ba ta da nauyi a hannu, tana saurin karyewa a wurin ɗauri, kuma wutar da take wucewa da ita ba ta kai kashi biyu cikin uku na ta jan ƙarfe ba. Araha ba ta ado. In dai ita ce a aljihunka, sayi 2,5 a inda 1,5 ta jan ƙarfe za ta yi.

A ɗaya gefen kuma akwai masu tallar waya mai kan zinariya a farashin buhun gero, wai tana gyara sauti. Ni dai shawarata, ka bar kuɗinka. Jan ƙarfe na gaske mai isasshen kauri, an ɗaure shi tam, shi ne magana. A murɗe silin waya sosai kafin a sa, don sili ɗaya tak da ya tsallaka daga ja ya taɓa baƙi ya isa ya lalata amfilifaya. A kashe na'ura kafin a taɓa waya. Kada kuma a sa wa wayar lasifika kai irin na soket ɗin bango, wata rana yaro zai cusa shi a wuta.

Karatu: a gareji

Mutum biyu su karanta da ƙarfi, ɗaya maigida, ɗaya yaronsa.

"Kai, fito daga ƙarƙashin motar nan!"

"Maigida, noti ɗaya ne ya rage."

"Na ce ka fito. Me ke riƙe da ita?"

"Jak ne, maigida. Sabo ne, tan uku."

"Jak ɗagawa yake yi, ba riƙewa ba. Ina matokaran?"

"Suna wajen Baffa, ya ara da safe."

"Je ka gaishe shi ka karɓo. Motar ba inda za ta."

Jak

Maigidan nan ya yi gaskiya, ga kuma dalili. Jak mai mai a ciki, ko mai siffar kwalba ko dogon nan mai tayoyi na gareji, duk nauyin mota yana zaune ne a kan mai, man kuma 'yar roba ce da ƙaramin bawul ke tare shi. Robar tana tsufa, ƙura tana cin ta. Ranar da ta saki ba ta sallama. Saboda haka da zarar mota ta tashi, a sa matokarin ƙarfe mai ƙafa uku ko huɗu, a sauke nauyin a kansa, a girgiza motar da hannu a ga ta zauna, sannan mutum ya shiga. Bulon siminti ba matokari ba ne, rugujewa yake yi gaba ɗaya. In a hanya ne babu matokari, canjin taya kawai za a yi, kada kai ko ƙafa su shiga ƙarƙashi, kuma a kwantar da tayar da aka cire a ƙarƙashin gefen motar.

Harafin T a jikin jak yana nufin tan, tan ɗaya kuwa kilo 1000 ne. 2T kilo 2000 ke nan. Nauyin motarka yana jikin ɗan allon da kamfani ya manna a bakin ƙofa ko cikin bonet, da kg a gabansa. Jak ba ya ɗaga mota duka, gefe ɗaya ko kai ɗaya yake ɗagawa, amma makanikai suna son ƙarfinsa ya kai aƙalla kashi uku cikin huɗu na nauyin motar. Ƙaramar mota irin Corolla ba ta kai tan ɗaya da rabi ba, jak 2T ya ishe ta. Hilux tana wajen tan biyu tun ba a yi mata lodi ba, a nema mata 3T. In an lafta mata buhunan albasa, lissafi ya canza, a sauke kaya tukuna. Siririn jak mai murzawa da ke zuwa da mota, na canjin tayar wannan motar ne kawai.

Ƙasarmu ma sai an lura da ita. Jak yana son wuri mai tauri, shimfiɗaɗɗe. A yashi nutsewa yake yi yana karkacewa, a kan kwalta ma da tsakar rana lokacin bazara gindinsa na iya lumewa. Duk mai bin hanyar Ngaundere zuwa Kusiri ya ajiye guntun katako mai kauri da faɗi a but, don gindin jak mai kwalba ko mai murzawa. Shi kuwa mai tayoyi, a daɓen siminti yake aiki. Ka tsaya ka kalle shi yana ɗagawa: hannunsa ba ya tashi sak, lanƙwasowa yake yi, don haka jikin jak ɗin yana gangarawa kaɗan-kaɗan zuwa ƙarƙashin mota. In tsakuwa ko yashi ya riƙe tayoyinsa, motar zai jawo, sai ta zame daga kansa. A share wurin kafin a fara.

Jerin aikin ba shi da wuya. A ja birkin hannu, a sa giya, a dafe tayar da ke ƙasa da dutse ko itace gaba da baya. Kowa ya fito daga mota. A sassauta notuna tun taya na ƙasa. A nemi wurin sa jak, yawanci akwai 'yan tsaga biyu a ƙarfen gefe, bayan tayar gaba da kuma gaban tayar baya. Ba a sa shi a ƙarƙashin tankin mai ko tukunyar baƙin mai. Wajen ɗaurewa a bi notuna ana tsallake ɗaya, a ƙarasa matsewa bayan mota ta sauka. Wajen saukewa a murɗa bawul hagu a hankali, ba gaba ɗaya ba.

In jak ya fara sauka da kansa, ko ana bugawa ba ya kaiwa sama, ko mai ya ragu, ko iska ta shiga, ko roba ta mutu. Man jak ake zuba masa. Man birki yana kumbura robobin ciki ya lalata su, ko da wani ya ce maka duk mai ne. Bayan aiki a sauke sandarsa har ƙasa, a goge, a ajiye mai kwalba a tsaye.

Aikin yi

Rubuta da kalmomi: 1,5 mm², 220V, 3T, 8Ω.

Kana da lasifika biyu, kowace 4Ω. Ka haɗa ja da ja, baƙi da baƙi. Om nawa suka zama? An rubuta 4–16Ω a bayan amfilifayarka. Za ka jona ko ba za ka jona ba? Wane haɗi ne zai yi?

Nauyin wata mota kilo 2400. Nawa ne kashi uku cikin huɗu na wannan nauyi? Jak 1,5T zai yi?

Kafin zama na gaba, kowa ya juya bayan rediyo ko lasifikar gidansa, ko ya leƙa garejin unguwa da izinin mai shi, ya kwafo duk lambar da ya gani tare da harafin da ke gabanta. Mai guntun waya ya zo da shi, malami zai kawo reza.